Mu da muka haura sittin: yaya zaman gida na korona ya same ku?

Tsohon Hedimasta, Kano

Assalamu alaikum. Ina kira ga dattijai irina, da 'ya'yan da suka riƙe tsofaffi a gida a 2020, kowa ya faɗi abin da ya gani. Duk lokacin da maganar korona ta taso sai ka ji an ce ai tsofaffi ta fi ɗauka, daga nan a wuce, ba wanda ya taɓa tambayar tsofaffin yadda suka yi.

An rufe Kano ran 16 ga Afrilu, saura mako guda a ɗauki azumi. Ina da hawan jini da ciwon suga, kuma asibitin kuɗin da nake zuwa ya rufe ƙofa. Da aka sassauta aka ce a fita Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 zuwa 4, sai yarana suka ɓoye makullin mashin ɗina. Wannan ban damu da shi sosai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rasuwar aminina, wanda muka shiga kwalejin horon malamai tare. Lokacin ne ake ta mace-mace a gari, wanda daga baya ministan lafiya ya ce mutum 979 ne, kuma rabi ko fiye yana da nasaba da cutar. Gidana kowa ya san ya rasu, har jikoki. Ni sai bayan sadakar bakwai na ji, a bakin mai kawo mana ruwa a kura. Da an gaya mini ba lallai in fita ba, amma da na yi masa addu'a a ranar, na kira iyalinsa. Shekara talatin da biyar ina yanke hukunci a kan 'ya'yan mutane, rana ɗaya aka ga ban isa a yi shawara da ni a kan kaina ba.

Maman Ikram, Kaduna

Baba, Allah ya jiƙan amininku. Amma ku dubi halin da mu 'ya'ya muka shiga. Tun ƙarshen Maris aka kulle Kaduna, gwamna da kansa ya kamu, sannan aka wayi gari Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu ran 17 ga Afrilu. Muka ce in masu likitoci a hannu sun tafi, ina ga Hajiyarmu mai shekara 78? Mu ma mun ɓoye mata rasuwar ƙanwarta na ɗan lokaci, domin mun san ko da ƙafa sai ta nufi Zariya.

Abin da ya fi wahalar da ita ma takunkumi ne. Kunnenta ya yi nauyi, ashe da motsin leɓe take kama rabin magana, mu ba mu taɓa lura ba. Da kowa ya rufe baki sai ta daina ganewa. A kemis yaro ya maimaita mata sau biyu, ya juyo gare ni ya ce, "Anti, ke ki gaya mata kawai." Tana tsaye a wurin, kuɗin ma nata ne. Daga ranar ta rage magana ko a cikin gida, sai carbi.

Alhaji Na Bakin Kasuwa, Gusau

Ni hajji ce ta ba ni labarin shekaruna. Na daɗe ina tari daga cinikin hatsi, na kai kuɗin ajiya da niyyar tafiya a 2020, lokacin kujera tana wajen miliyan ɗaya da rabi. Saudiyya ta ce ban da baƙi daga waje. A 2021 ma haka. Da aka buɗe a 2022 aka ce mutum miliyan ɗaya za a karɓa, amma sai wanda bai haura 65 ba. Ni kuwa a cikin jiran nan na cika 66. Ina ɗaga buhun gero da hannuna, ga wani maƙwabcina ɗan 50 da ba ya iya hawa bene sai ya huta, shi ya tafi. Ba a auna ni ba, takardar haihuwa aka duba, wadda ma ƙiyasi aka yi mini a kotu.

Alhamdulillahi an cire sharaɗin a 2023, na sauke farali, amma kujera ta kusa miliyan uku, sai da na sayar da fili na cika. Cikin waɗanda muka fara biya tare akwai waɗanda magada ne suka je karɓo kuɗinsu.

Inna Mai Ƙosai, Zinder (jikanta ke rubuta mata)

Ta ce a gaishe ku. Ta ce ku masu fansho ku gode wa Allah. Ita a bakin lakwal, wato makarantar boko, take suya, aka rufe lakwal. Sauran cinikinta na masu fitowa daga sallar asuba ne, aka rufe masallatai, ba a buɗe ba sai 13 ga Mayu. Iyakar Najeriya kuma a lokacin tun 2019 take rufe, ɗanta da ke Kano ba hanyar zuwa. Gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da wuta na wata biyu, ta ce ita ɗakinta ba mita, a famfon unguwa take saye. Da jari ya karye sai ta sayar da kaskon suya jikka biyar. Ta ce kullum rediyo na cewa tsofaffi su zauna gida, ba ta ji an ce ga abin da za su ci ba.

Ɗan Autan Mama, Abuja

Da girmamawa iyayenmu, amma gaskiya ku ma akwai taurin kai. Mahaifina cewa ya yi cutar ta masu hawa jirgi ce. Ka hana shi masallaci ya bi ta ƙofar baya, ka ba shi man wanke hannu ya ce warin giya yake. Ya za mu yi in ba mu tilasta ba?

Hajiya Nas Mai Ritaya, Kano

Ɗana, zauna ka ji. Mutumin da bai taɓa rasa sahun farko ba tun kafin a haife ka, ba da tsawa ake raba shi da jam'i ba. Kun gwada kawo masa limaminsu ya yi masa bayani? Ni na ga aikin wannan. A layinmu dattijai sun ƙi jin 'ya'yansu, amma da liman ya tuna musu hadisin da ya hana shiga garin annoba da fita daga cikinsa, yawancinsu suka shimfiɗa darduma a soro.

Haka rigakafi. Da allurar AstraZeneca ta iso a Maris 2021, aka yi ta cewa tsofaffi jahilci ne ya hana su. Mu a Kano muna da dalilin tsoro. Muna nan a 1996, lokacin sanƙarau, aka gwada maganin Trovan a kan yara, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda ya ga wannan da idonsa in ya yi tambaya ba jahili ba ne. Ni na fara yi, na riƙa bi gida-gida ina nuna katina da damtsena, ina gaya musu gaskiya cewa na yi zazzaɓi na kwana, ya wuce. Mata da yawa sun bi ni. Kuma fa ba wanda ya neme mu, mu tsofaffin ma'aikatan jinya, alhali mu ne muka karɓi haihuwar rabin unguwa.

Kalmar da na fi tsana a shekarar ita ce "ai ya ci zamaninsa." Na ji ta a wurin ta'aziyya, a gaban matar mamacin.

Baba Zango, Kumasi

Mu nan mako uku aka kulle Accra da Kumasi, jana'iza kuma aka ce kada ta wuce mutum 25. Yara suka zaɓi masu ƙarfin ɗaukar makara, mu sa'annin mamaci aka ce mu zauna. Sai dai an samu alheri guda: jikata ta koya mini kiran bidiyo a WhatsApp, yanzu duk Juma'a ina ganin fuskar yayata da ke Sakkwato.

Malam Ɗan Fansho, Jos

Ni kaɗai nake zaune tun rasuwar mai ɗakina, saboda haka ba mai ɓoye mini makulli, ba kuma mai yi mini cefane. Abin mamaki, a Disamba 2020, cutar na dawowa karo na biyu, aka ce duk wanda bai haɗa layinsa da lambar katin ɗan ƙasa ba za a toshe shi. Mu da aka ce mu guji cunkoso, mu ne a tsakiyar turmutsutsu tun asuba, ba benci, ba layin dattijai. Wayar kuwa ita ce kaɗai ke haɗa ni da yarana. Da na kai gaba na'ura ta ƙi kama yatsuna. Yarinyar ta danna, ta goge, ta sake dannawa, ta ce, "Baba zanen hannunka ya gama aiki," mutane suka yi dariya. Har yanzu duk tantancewar fansho haka nake fama. Hajiya Nas, akwai dabara?

Hajiya Nas Mai Ritaya, Kano

Malam, bushewar fata ce, ta fi tsanani da hunturu, ga kuma sanyinku na Jos. Ka riƙa shafa man kaɗanya da daddare na 'yan kwanaki kafin ka je, amma ran zuwa kada ka shafa, maiƙo ma yana ɓata hoton. In an kira ka, ka murza tafukanka su yi ɗumi, ka hura wa yatsan iska kaɗan sannan ka ɗora. In duk ya ƙi, ka ce a gwada sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya, kada ka yarda a ce ka koma gobe.