Muhawarar "aquery maƙaryaci ne" a zauren masu rubuta manhaja na Kaduna

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cina, wanda zai ji haushi ya ji. Wannan aquery da wasunku ke ta kambamawa, wato umarnin tambaya na Bazel, kayan aikin gina manhaja, maƙaryaci ne. Sati biyu ke nan ina fama da manhajar lissafin kaya da muke rubutawa da C++ saboda wasu masu shaguna a Kasuwar Barci. In na gina ta daga cikin edita, na koma tamina na sake ginawa, sai ta faro daga tushe kamar ban taɓa gina komai ba. Minti 40 cur, fankar laftop na ihu, batir na zubewa, ga wuta ba ta zama. Aka ce in tambayi aquery. Na buga bazel aquery //saba:babba, ya zubo rubutu har ido ya gaji. Na nemo aikin harhaɗa fayil ɗaya tak, fayil ɗin da bai kai layi 80 ba, heda (fayilolin .h na C++) uku kawai ya kira. Amma a layin Inputs an jero mini heda sama da 300. Kuma bai ce uffan ba kan dalilin sake ginin. In wannan ba ƙarya ba ce, mece ce?

Auta: Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya kawo sauƙi. Ni ko girka Bazel ɗin ma ban iya ba tukuna.

Ustaz na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a je ko'ina, gyara kalmarka. Ƙarya ita ce mutum ya san gaskiya ya faɗi akasinta da gangan. Na'ura ba ta da niyya. Ka ce ya yi kuskure, ko ya ruɗa ka, amma kalmar maƙaryaci tana da nauyi, bai kamata mu riƙa jefa ta ko'ina ba.

Ɗan Rigasa: Ustaz, da girmamawa, in ma'aunin mai sayar da masara ya nuna tiya biyu alhali ɗaya da rabi ce, me Bahaushe ke cewa? Ma'aunin ƙarya. Ma'auni yana da niyya ne?

Ustaz na Tudun Wada: Ana nufin mai ma'aunin. Shi ya bubbuge gindin kwanon. To a nan wa ya bubbuge kwanon? Wa ya rubuta fayil ɗin BUILD ɗinku, mai faɗa wa Bazel abin da zai gina?

Ɗan Rigasa: Wato ni ne maƙaryacin ke nan?

Ustaz na Tudun Wada: Subhanallah, ban faɗa ba. Tambaya na yi.

Injiniya Malali: Ni abin da ke ba ni takaici a zauren nan shi ne mutum bai karanta komai ba sai ya fito ya yanke hukunci. Kayan aikin da Google suka shekara da shekaru suna amfani da shi a cikin gida da sunan Blaze kafin su sake shi ga duniya, wanda ake gina TensorFlow da shi, shi ne yau za a kira maƙaryaci saboda laftop ɗinka ta yi zafi? Rashin sani ya fi dare duhu.

Ɗan Rigasa: Oga Injiniya ai dama na san za ka fito. Kai ka sa muka bar abin da muka sani muka koma wannan. Kai ka ce mana ba za mu ƙara jiran gini ba.

Injiniya Malali: Na ce in an tsara shi daidai. Kada ka yanke mini rabin magana.

Maman Ilham: Salam. Ku yi haƙuri in sa baki, ina ganin abu biyu ne aka cakuɗa. Bazel yana tafiya hawa uku. Da farko yana karanta fayilolin BUILD, sannan ya yi nazari ya tsara ayyukan da za a yi, sannan ya aiwatar. Tambayoyin ma uku ne. query yana duba hawa na farko, shi ya sa in akwai select, wato zaɓi bisa sharaɗi, a ciki yake kawo duk rassan, don bai san wanne za a zaɓa ba. cquery yana dubawa bayan an san tsarin da za a gina da shi. aquery kuma yana nuna ayyukan kansu: umarnin da za a bai wa kompaila mai harhaɗa kod, abin da zai shiga, abin da zai fito. Amma aquery ba ya gudanar da ko ɗaya daga cikinsu. Kamar takardar da birkila ke rubuta maka ce kafin a haƙa harsashi, siminti kaza, rodi kaza, yashi tifa kaza. Wannan heda 300 ɗin duk waɗanda aka bayyana ne a ɗakunan karatun da fayil ɗinka ya dogara da su, da waɗanda su ma suka dogara da su, har ƙasa. Izini ne aka ba kompaila ya taɓa su. Sai an harhaɗa sannan kompaila yake rubuta ɗan fayil mai ƙarewa da .d wanda ke lissafa waɗanda ya buɗe da gaske, Bazel ya rage jerin da shi.

Bazazzagi: Hajiya "ɗakunan karatu" kuma? Wace irin Hausa ce wannan? Laburaren kod ba ɗaki ba ne, ba a karatu a cikinsa.

Maman Ilham: Malam, kira shi duk abin da ka ga dama, ka dai gane nufina.

Bazazzagi: A'a, abin yana da muhimmanci. Yara na karantawa. Haka kuka ce "aiki" a maimakon abin da aquery ke lissafawa. Ba aiki ba ne, mataki ne. Aiki shi ne ginin gaba ɗaya. Kowane kiran kompaila mataki ne a cikinsa.

Ustaz na Tudun Wada: Mataki yana nuna jere, ɗaya bayan ɗaya kamar tsani. Waɗannan kuwa da yawansu tare ake yin su a lokaci guda in ba su dogara da juna ba. Aiki ya fi dacewa.

Bazazzagi: Ustaz bar mana fannin harshe. Mu a Zariya aka yi mana karatun nan.

Ɗan Kawo: To fa, an fara. Kullum sai an tuna mana da Zariya. Mu da muka koya a shagon kafe a Kawo da data ta dare ba mu iya komai ba ke nan? Manhaja nawa ka saki wadda mutane ke amfani da ita?

Bazazzagi: Ban zo nan don in yi maka lissafi ba.

Ɗan Kawo: Saboda babu.

Baban Khalifa: Ku kiyaye harshe don Allah. Ni ne ke riƙe da zauren nan kuma ba na son in cire kowa. Amma tunda an taɓo, bari in faɗi nawa. Tun 1976 Stuart Feldman ya rubuta Make, shi ma kayan gina manhaja, a Bell Labs, har gobe yana aiki. Kana son ganin abin da zai yi ba tare da ya yi ba? make -n, shi ke nan, ya jero maka umarnin a fili. Babu aquery, babu cquery, babu wani yare na daban da za ka koya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Injiniya Malali: Ranka ya daɗe, Make ɗin da ke duba lokacin da aka taɓa fayil kawai? Ka canza zaɓin kompaila, fayil bai motsa ba, sai ya ce komai daidai ne, ya bar maka tsohon abu. In ana neman maƙaryaci ga shi nan. Bazel abin da ke cikin fayil yake dubawa, da umarnin, da muhallin da za a gudanar da shi.

Baban Khalifa: Kada ka kira Make maƙaryaci a gabana. Na ci abinci da shi kafin ka gama firamare.

Ustaz na Tudun Wada: Kun ga abin da nake gudu. Kalmar ta fara yawo.

Baban Khalifa: Kuma in Bazel yana da kyau haka, me ya sa masu Kubernetes suka cire shi daga aikinsu a 2021? Su ma ba su karanta ba ne?

Injiniya Malali: Wannan da yaren Go aka rubuta shi, kuma Go yana da nasa kayan gini. Ba a kwatanta shi da C++.

Ɗan Kawo: Bazel abu ne sabo dai, 2019 ya fito, dole ya yi ta tangal-tangal.

Injiniya Malali: 2015 aka sake shi.

Ɗan Kawo: 2019. Na gani da idona.

Injiniya Malali: Abin da ka gani sigar 1.0 ce, ita ce ta 2019. Buɗe shi ga jama'a 2015 ne. Je ka duba.

Ɗan Kawo: To kafin 1.0 ai gwaji ne. Maganata tana nan.

Maman Ilham: Jama'a an bar jaki ana dukan taiki. Ɗan Rigasa, ƙanena, kana nan? Matsalarka ta gaske ita ce sake ginin, kuma aquery ba a yi shi don ya faɗi dalili ba. Mai faɗin dalili shi ne zaɓin --explain. Ka ba shi sunan fayil lokacin gini, ka haɗa da --verbose_explanations, zai rubuta maka abin da ya sa ya sake kowane aiki. Amma tun da ka ce tsakanin edita da tamina abin ke faruwa, ina zargin PATH, wato jerin wuraren da kwamfuta ke neman umarni. In ba a kunna --incompatible_strict_action_env ba, Bazel na iya ɗaukar PATH na wurin da aka kira shi ya sa a muhallin ayyukan. Edita na da nasa, tamina na da nata. Da ya bambanta ko da harafi ɗaya, makullin aikin ya canza, sai ya ɗauka sabon aiki ne. A nan aquery ɗin da kake zagi zai taimake ka. Gudanar da shi daga tamina, ka adana abin da ya fito. Gudanar da shi ta hanyar da edita ke kiran Bazel, ka adana. Ka tace da mnemonic ya bar maka CppCompile kaɗai don rubutun ya ragu, sannan ka kwatanta layin Environment da layin ActionKey, wato makullin aikin, na fayil ɗin nan mai layi 80. Ka kuma duba ko edita na ƙara wani zaɓi nasa, shi ma yana jawo haka. Ya taɓa cinye mini kwana uku, ina goye da Ilham ina zazzaɓi ina bin layi ɗaya-ɗaya, shi ya sa ba na son ka sha irin wahalar.

Bazazzagi: "Makullin aiki" ma ba daidai ba ne. Ba ya buɗe komai. Shaida ce.

Ɗan Kawo: Malam don girman Allah ka ƙyale baiwar Allah ta taimaki yaro.

Bazazzagi: Yanzu kai ne lauyanta?

Auta: Anti, Ninja fa? Wani ya ce mini shi ya fi duka sauri.

Maman Ilham: Ninja ƙarami ne da gangan, Evan Martin ya rubuta shi lokacin yana aikin Chrome. Ba a cika rubuta fayil ɗinsa da hannu ba, CMake ko makamancinsa ke samar masa. Shi ma yana da ninja -d explain mai faɗin dalilin sake gini. Amma bari mu gama da matsalar yayanka tukuna.

Ɗan Rigasa: Na dawo, an ɗauke wuta ne na je cajin waya. Na ga saƙo sama da 60. Ni dai har yanzu babu wanda ya musa cewa ya nuna mini heda 300 alhali uku na kira. Kuma Ustaz ban ji daɗin abin da ka ce ba, a gaban mutane.

Ustaz na Tudun Wada: In ka ji zafi ka yafe mini, wallahi ba nufina ba ne. Amma ba zan janye cewa na'ura ba ta ƙarya ba.

Maman Ilham: Na amsa maka maganar heda ɗin a sama, ƙanena. Hau ka karanta.

Ɗan Rigasa: Anti saƙon ya yi tsawo, batir 9 ne ya rage. Gobe in sha Allah.

Injiniya Malali: Kun gani ko? An ba shi amsa a faranti ya ce ta yi tsawo. Gobe kuma ya fito ya ce maƙaryaci.

Ɗan Rigasa: Oga kai dai ka zo ofis ka gyara abin da ka ɗora mana.

Baban Khalifa: Ya isa haka, dare ya yi. Ga taƙaitawa saboda waɗanda ba su bi ba. Ɗan'uwanmu ya kawo kuka na gaskiya, yana asarar minti 40 a kowane gini, kuma kayan aikin ya nuna masa jerin da bai yi daidai da abin da ya rubuta ba. Mafi yawanmu mun ga cewa Bazel ya yi wa ƙananan ayyuka irin namu nauyi, tunda sai ka koyi tambayoyi kala uku kafin ka san abin da ke faruwa a kwamfutarka, abin da make -n ke yi da harafi ɗaya. An kuma tabbatar cewa manyan ayyuka ma sun bar shi. Ustaz ya ja hankali kan kalmar ƙarya, mun gode. Maman Ilham ta kawo wasu zaɓuɓɓuka da za a iya gwadawa. Maganar aiki ko mataki a bar ta sai wani lokaci. Shawarata ga Ɗan Rigasa ya zo gida Unguwar Rimi ranar Asabar bayan la'asar in rubuta masa Makefile.

Injiniya Malali: Mafi yawanmu su wa? Kai da Ɗan Kawo? Kuma aiki ɗaya ka ambata, ya zama "manyan ayyuka"?

Ɗan Kawo: Ni ban ce ina bayan Make ba fa. Shekara kawai na yi magana a kai.

Maman Ilham: Baba, da girmamawa, ba wasu zaɓuɓɓuka ba ne kawai, ina kyautata zaton ita ce matsalar. Ɗan Rigasa, in ka samu wuta turo mini layin Environment guda biyun nan ta akwatina, kafin Asabar ɗin.

Bazazzagi: Mataki ne dai.

Baban Khalifa: Na rufe zauren sai da safe.