Wace irin wahala CAST (umarnin sauya nau'in bayani a SQL, harshen tambayar rumbun bayanai) da sunan ginshiƙin tebur suka taɓa ba ku?

Mai_Kod_Zariya: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na kwana ina fama da node-postgres, laburaren da ke haɗa JavaScript da rumbun bayanai na PostgreSQL. COUNT(*), mai ƙirga layuka, ya ba ni 12, na ƙara 1, sai ga 121 a allo! Ashe bigint (nau'in manyan lambobi) yake dawowa, laburaren kuma a matsayin rubutu yake miƙo shi, don lambobin JavaScript ba su da tabbas idan sun wuce 2^53. Da na rubuta count(*)::int, wato na mayar da shi integer (nau'in lamba na yau da kullum), aka zauna lafiya. Ku fa?

Hajiya_Data: Wa alaikumus salam. Sannu da fama. Ni SQLite, wani rumbun bayanan, ce ta yi min wasa da hankali. Na sa CAST('2023-05-01' AS DATE), ta miƙo min 2023 kawai, ko ƙorafi babu. Ba ta da nau'in kwanan wata na gaskiya, lamba ta ɗauke shi, ta tsaya a alamar (-) ta farko. Sati guda rahoton yana fita a karkace kafin na farga. Yanzu date() nake amfani da ita.

Ɗan_Maraɗi: Hajiya, gara ke. Mu tsohon aiki muka ɗaga zuwa SQLAlchemy 1.4, laburaren Python na aiki da rumbun bayanai, wadda ta fito a 2021. A da, cast() marar label() (wato wanda ba a raɗa masa suna ba) sunan anon_1 yake samu, kuma wanda ya rubuta kod ɗin kafin ni (Allah ya yafe masa) ya dogara da wannan suna a wurare da dama. Sabuwar sigar sai ta riƙa ba shi sunan ginshiƙin na asali. Komai ya watse. Na bi ɗaya bayan ɗaya ina liƙa .label(), kuma tun daga ranar ba na barin laburare ya raɗa wa ginshiƙina suna.

Mai_Kod_Zariya: Wallahi suna linzami ne.

Injiniya_Ƙaramar: Yaya, a kan sunan ma: na rubuta AS jimillarKudi a PostgreSQL, ya dawo jimillarkudi, ƙananan baƙaƙe zalla, tunda ban sa shi cikin alamar zance biyu ba. Sannan na taɓa mayar da lambobin waya integer. Sifilin farko na 080 ya ɓace, ragowar lambobi goman kuma suka zarce 2,147,483,647, uwar garke ta ƙi karɓa.

Hajiya_Data: Ƙanwata, bar lambar waya a text, ai ba lissafi za ki yi da ita ba. Kina da kwafin teburin na asali dai ko?