Neman Shawara Kan Itacen Da Ya Ƙi Nutsewa A Tankin Kifi

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kiwon kifin ado. Ina da tankin gilashi mai cin lita 200 a falona, wanda nake kiwon kifayen tafkin Malawi a ciki, kuma makonni uku da suka wuce na sake masa fasali, na jera duwatsu a gefe guda, na ajiye busasshen kututture a ɗaya gefen.

Kututturen nan shi ya hana ni sakat. Na dafa shi awa biyu, na jiƙa shi a bokiti kwana goma, amma har yau da zarar na ɗage dutsen da na danne shi da shi, sai ya taso sama. Ga shi ya rina ruwan ya koma kamar shayi, wani farin yauƙi kuma ya lulluɓe rassansa. Rinin bai dame ni ba sosai, har ma ya ƙara wa tankin kyau, sai dai na san itace yana rage ma'aunin pH na ruwa, wato yana ƙara masa tsami, alhali waɗannan kifaye sun fi son ma'aunin ya kai wajen 8.

Su ma kifayen ba su bar ni na huta ba, domin suna tone yashin ƙarƙashin duwatsun, har dutse ɗaya ya gangaro ya bugi gilashi shekaranjiya.

Shin in ɗaure itacen a jikin faffaɗan dutse, ko in cire shi gaba ɗaya? Sannan da me kuke manne duwatsu ba tare da an cutar da kifi ba?