Muhawara: Shin lokacin kafa kwamfutar kwaikwayo a cikin laftof ya wuce?

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum. A zaman da ya gabata na masu rubuta manhaja a nan Gombe, Injiniya ya faɗi maganar da ta raba kan jama'a. Ya ce duk mai shirya manhajar da za ta yi aiki a gajimare, wato a kan manyan kwamfutocin haya irin na Amazon da Microsoft da Google, ɓata lokacinsa yake yi idan ya kafa kwamfutar kwaikwayo, wato kwamfutar da manhaja ke ƙirƙira a cikin wata kwamfutar, a cikin laftof ɗinsa domin gwaji, gara ya yi hayarta a can tun ranar farko. Injiniya, ga fili ga mai doki.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana. Yawancin matasanmu laftof na hannu suke riƙewa, mai RAM gigabait 4 ko 8, kuma kafin a buɗe komai Windows ta riga ta kwashe kaso mai yawa. Idan aka ɗora VirtualBox, manhajar da ke kafa kwamfutar kwaikwayo, aka yanka wa wannan baƙuwar kwamfuta gigabait 2, a zafin Maris da Afrilu na garin nan, sai fanka ta yi ta ƙugi, batir ya ƙare kafin aiki ya kai ko'ina. Wannan ma ƙaramin dalili ne. Babban shi ne akwai abubuwan da laftof ba ya iya kwaikwaya: ƙa'idojin da ke buɗe ko rufe ƙofofin shiga saba, wato kwamfutar da ke riƙe da manhajar a intanet, da tsarin ba wa kowace manhaja izini, da yadda ake raba wa saba da yawa nauyin masu shiga. A nan manhaja ta fi yin tuntuɓe ranar da aka ƙaddamar da ita. Uzurin nisa ma ya ragu, domin Microsoft ta buɗe cibiyoyinta a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ta buɗe a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024.

Malama: Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ka yi lissafi da aljihun mai albashi, ni kuwa ɗalibai nake koyarwa. Hayar gajimare da dala ake lissafa ta, kuma kowa ya san inda naira ta dosa tun watan Yunin 2023. Kafin a buɗe asusu ma yawanci sai an nemi katin banki. Sannan sabon shiga yana zaton idan ya kashe kwamfutar hayar an daina caji, alhali faifan ajiyarta na ci gaba da cin kuɗi har sai an goge shi, kuma tun Fabrairun 2024 Amazon na cajin dala 0.005 a kowace awa kan kowane adireshin IPv4 na fili, wato lambar da ake samun saba da ita a intanet, wanda ya haura dala 3 a wata. Ga mai kamfani wannan ba komai ba ne, ga ɗalibin da ke haɗa kuɗin data da kuɗin abinci kuwa abin damuwa ne. VirtualBox kyauta ce, Ubuntu, wato nau'in Linux da ake ɗorawa a madadin Windows, ita ma kyauta ce, mutum ɗaya zai sauke ta sau ɗaya ya raba wa aji guda a filas. Abin da ya fi min daraja shi ne ɗaukar hoton yanayin kwamfutar: ɗalibi ya adana ta tana lafiya, ya lalata ta da gangan domin ya ga abin da zai faru, ya mayar da ita yadda take cikin ɗan lokaci. Wanda ke jin tsoron kowace awa tana cin kuɗinsa ba zai yi wannan ƙarfin halin ba, kuma da shi ake koyo.

Ɗalibi: Malama, ina neman afuwa da katse ku. Laftof ɗina gigabait 4 ne, kuma VirtualBox na ƙin tashi, tana cewa VT-x ba ya aiki. Shin wannan ba hujjar Injiniya ba ce?

Mai gyaran kwamfuta: Ƙanena, ba ita ba ce. VT-x dama ce da ke ba kwamfuta ikon ɗaukar kwamfutar kwaikwayo, kuma tana cikin yawancin kwamfutoci, sai dai wasu na zuwa da ita a kashe. Ka shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka kunna ta, idan na'urarka ta AMD ce za ka same ta da sunan AMD-V ko SVM. Bayan haka ka saka Ubuntu Server, wadda ba ta da tagogi da hotuna, rubutu ne kawai, gigabait 1 zuwa 2 ya ishe ta gwajin ƙaramar manhaja. Idan ka sami hali ka ƙara RAM ka sauya faifai zuwa SSD, wannan kashe kuɗi ne na sau ɗaya.

Injiniya: To wutar lantarki fa? A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Sabar da ke gajimare ba ta san an yi ba, mai ita zai iya leƙa ta ko da wayarsa ce.

Malama: Haka ne, amma a ranar 14 ga Maris na 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni suka shiga wahala, mai aiki a cikin laftof ɗinsa kuwa ya ci gaba da aikinsa. Kowace hanya da abin da ke tsayar da ita. Akwai kuma abin da nake so matasa su gane, wato abin da ake haya a gajimare shi ma kwamfutar kwaikwayo ce. Fasahar kafa kwamfutocin kwaikwayo ta KVM da ta shiga cikin Linux a 2007 ita Google ke amfani da ita wajen yanka manyan injinanta, kuma tsarin Nitro na Amazon a kanta aka gina shi. Wanda ya san yadda ake raba wa baƙuwar kwamfuta RAM da faifai da hanyar sadarwa a gida, ba zai ruɗe ba idan ya ga waɗannan zaɓuɓɓukan a shafin haya.

Hajiya mai harkar tsaron bayanai: Ku ba ni dama in ƙara abin da ba a taɓo ba. Duk sabar da aka kunna a gajimare da adireshin fili, ba a daɗewa manhajojin ɓarayi za su fara gwada kalmomin sirri a ƙofa ta 22, wadda ake shiga saba daga nesa ta cikinta. Sabon shiga kan saka kalmar sirri mai sauƙi maimakon mabuɗin SSH, wato fayil ɗin sirri da ake shiga saba da shi, ko ya manta mabuɗin asusunsa a cikin abin da ya ɗora a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, sai wasu su kunna manyan injina da sunansa suna haƙar kuɗin kirifto, bashin ya hau kansa. Na fi so ya yi waɗannan kura-kuran a kwamfutar da ba ta fuskantar duniya. Kuma ko a gida ko a gajimare, kada a yi gwaji da ainihin bayanan mutane, domin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ba ta ɗauke wa mai gwaji alhaki ba. Sai dai, Malama, ina tare da Injiniya a abu ɗaya: manhajar da ba a taɓa gwada ta a gajimare ba, bai kamata a miƙa wa mai ita ba.

Injiniya: Hajiya, na karɓi batun tsaro. Abin da ban yarda da shi ba shi ne matashi ya shekara a cikin VirtualBox, ya je neman aiki a tambaye shi tsarin izini na gajimare ya yi shiru.

Malama: Ban nemi shekara ba. Na nemi ya rubuta dukkan matakan kafa sabarsa a fayil guda, da Vagrant ko cloud-init, manhajojin da ke bin irin wannan fayil su kafa saba, ya tabbatar fayil ɗin na tayar da ita a laftof, sannan ya yi haya ta 'yan awoyi ya gwada abin da gida ba ya iya nunawa, ya goge komai har da faifan kafin ya tashi. Injiniya, idan ka amince, ranar Asabar ka zo da asusunka, ni in zo da fayil ɗin da ɗalibaina suka rubuta, mu tayar da shi a wuraren biyu a gaban kowa, mu rubuta duk inda sakamakon ya bambanta.

Injiniya: Na amince, da sharaɗin a yi gwajin gida a kan laftof ɗin ɗalibin nan mai gigabait 4, ba naki ba.