Wane suna za mu ba "cornea" da Hausa?

1/ Jama'a, ina neman taimako. Ina shirya takardar wayar da kai kan ciwon ido don manoma kafin kaka, na zo kan kalmar cornea na cije. Ita ce wannan fata mai garai-garai da ta lulluɓe baƙin ido daga gaba, kamar gilashin da ke kan fuskar agogo. Kaurinta a tsakiya kusan rabin milimita ne, ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, iska da hawaye ke ciyar da ita daga waje. Kuma wajen kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske a ido ita ke yin sa.

2/ Na fara da "baƙin ido". Bai yi ba. Baƙin da muke gani yana bayanta, ita ba ta da launi.

3/ Wani abokina malamin Larabci ya ce a bi sawun Larabawa. Su ƙarniyya suke cewa, daga ƙarn, wato ƙaho, kamar yadda kalmar cornea ma, wadda asalinta Latin ne, daga ƙaho ta fito. Sai mu ce "ƙahon ido". Na gwada wa gwaggona, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ido ne ko ɗan akuya?" Na janye.

4/ "Madubin ido" da "gilashin ido" duk tabarau suke kawo wa mutum a rai. "Tagar ido" ta yi mini daɗi a baki, sai dai taga kafa ce a bango, ta fi dacewa da ɗan ramin tsakiya da haske ke shiga.

5/ Wadda na fi tsoro ita ce "yanar ido", don na ji ana amfani da ita a haka. Yana tana da mai ita: farin da ke taruwa can ciki, bayan baƙin ido, yawanci ga tsofaffi, wanda ake cirewa da tiyata gani ya dawo. Mutanenmu sun saba jin cewa yana sai ta nuna ake taɓa ta. To ku ɗauki manomi da ganyen dawa ko ƙaiƙayi ya karce masa ido ranar sussuka. Kwana uku ido na hawaye, ya yi ja, ba ya son rana, ga ɗan farin ɗigo ya fito a kan baƙin. In aka ce masa yana ce, zai koma gida ya jira ta nuna. Alhali gyambo ne, ƙwayar cuta ko fumfuna ke cin wurin, kuma cikin 'yan kwanaki yana iya huda idon. A nan ne ake ɗiga ruwan ganye, ruwan sukari, har da fitsari, ko a sayo maganin ɗigo mai siteroyid a kemis, wanda ke kwantar da jan ido ya bar cutar tana ƙara ci.

6/ Abin mamaki, muna da sunan tabon tun kaka da kakanni: hakiya. Farin da ya zauna a kan baƙin ido bayan gyambo ya warke, ko bayan ƙyanda ta kama yaron da ke da ƙarancin bitamin A, ko amosanin ido ya lanƙwasa gashin ido yana gogar wurin shekara da shekaru. Mun raɗa wa tabo suna, mun bar fatar da tabon ke kanta babu suna.

7/ Shawarata: "tantanin baƙin ido". Tantani kowa ya san shi, ko a jikin ƙwai ko a wurin mahauci. Sunan ya nuna wurin, kuma ya ba mu abokin tafiya kyauta: "tantanin farin ido", wanda shi ne ke kumbura ya yi ja lokacin apolo (ciwon da ya samo sunansa a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata).

8/ Na san yana da tsawo. Amma ku ji shi a aiki: "Baba, gyambo ne a tantanin baƙin idonka, ba yana ba ce. Ɗigon nan kowace awa, kada ka sa komai ban da shi, ka dawo jibi." Haka ma "dashen tantanin baƙin ido", aikin da likita Eduard Zirm ya fara cin nasararsa a 1905, inda ake yanke tantanin da ke da hakiya a ɗinka lafiyayye daga wanda ya bayar.

9/ Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini a ɗakin duba marasa lafiya "koniya" kawai suke cewa tsakaninsu. Ba ni da ja a kan wannan, tsakanin ma'aikata. Takardata dai ta mai sussuka ce. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da likitocinku ke cewa cornée da Faransanci, me kuke gaya wa majinyaci? Ranar Litinin zan kai wa mai buga takarda.