Ingila ko Jamus: ina ya fi dacewa ga mai son digiri na biyu da zaman dindindin?

Injiniya daga Zariya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Ni injiniyan lantarki ne, shekaruna 31, ina da mata da yara biyu, kuma na samu gurbin karatun digiri na biyu a wurare biyu: wata jami'a a arewacin Ingila, karatun shekara ɗaya, da wata jami'ar gwamnati a Jamus, karatun shekara biyu da ake koyarwa da Turanci. Ba zan ɓoye muku ba, burina bai tsaya ga takardar digiri kaɗai ba. Ina so bayan kammalawa in samu aiki, in samu izinin zama na dindindin, iyalina su same ni. Kuɗin da zan kashe na filin gado ne da na sayar, saboda haka idan na yi kuskuren zaɓi babu na sake gwadawa. Yayana ya dage a kan Ingila saboda harshe da kuma yawan mutanenmu a can. Me kuke gani?

Mazaunin Manchester:

Wa'alaikumus salam, Injiniya. Shawarar Yayanka ta dace da Ingilar shekarun baya, amma al'amura sun sauya. Tun daga Janairun 2024, ɗalibin digiri na biyu na ɗaukar darasi ba ya iya zuwa da matarsa da 'ya'yansa; an bar wannan dama ga masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Wato shekarar karatunka kai kaɗai za ka yi ta.

Abin da mutane suka fi rashin fahimta shi ne lissafin shekaru. Bizar da ake ba wanda ya kammala karatu, wadda aka fara a Yulin 2021, tana ba ka shekara biyu ka yi aikin da ka samu, to amma ita da shekarar karatu ba sa shiga cikin shekaru biyar ɗin da ake ƙirgawa kafin a ba ka zaman dindindin. Ƙirge yana farawa ne ranar da wani kamfani mai lasisi ya ɗauki nauyin bizarka ta ƙwararren ma'aikaci, kuma mafi ƙarancin albashin wannan biza ya tashi zuwa fam 38,700 a Afrilun 2024, ya sake hawa zuwa fam 41,700 a Yulin 2025. Akwai rangwame ga sababbin masu digiri, amma na ɗan lokaci ne. Ga kuma takardar manufofin da gwamnati ta fitar a Mayun 2025, wadda ta kawo shawarar rage bizar bayan karatu zuwa wata 18 da tsawaita jiran zaman dindindin zuwa shekara goma ga mafi yawan mutane. A masallacinmu na Juma'a kana iya haɗuwa da masu digiri na biyu da suka kwana suna aikin kula da tsofaffi, ba don rashin ƙoƙari ba, sai don kamfanoni suna ganin kalmar ɗaukar nauyin biza a takardar neman aiki su ajiye ta gefe.

Ɗaliba a Jamus:

Malam Injiniya, a ganina Jamus ta fi dacewa da halin da ka bayyana, amma da sharaɗi guda wanda zan zo kansa. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai kuɗin rajista na 'yan ɗaruruwan yuro a kowane zango, wanda sau da yawa ya haɗa da tikitin bas da jirgin ƙasa. Ka dai duba jihar da jami'arka take, domin Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 a zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Babban nauyin shi ne asusun banki da ake kullewa: tun Satumban 2024 sai ka zuba yuro 11,904 na shekara guda, a riƙa sakar maka yuro 992 duk wata. Bambancin shi ne wannan kuɗi naka ne, kai za ka ci ka biya haya da shi, ba kamar kuɗin makarantar Ingila ba da idan ya fita ya fita.

Bayan kammalawa kana da wata 18 na neman aiki, kuma wanda ya yi digiri a jami'ar Jamus zai iya neman izinin zama na dindindin bayan shekara biyu kacal yana aikin ƙwarewa, muddin ya biya kuɗin fansho na wata 24 kuma Jamusancinsa ya kai matakin B1, wato matsakaicin matakin iya harshe. Dokar zama ɗan ƙasa da ta fara aiki a Yunin 2024 ta rage jira zuwa shekara biyar, ta kuma amince mutum ya riƙe fasfo biyu.

Sharaɗin da na ambata shi ne harshe. Darasi da Turanci ne, amma wasiƙar ofishin baƙi da ta inshorar lafiya da yarjejeniyar haya duk da Jamusanci suke zuwa cikin akwatin gidanka, wasu ma da wa'adin amsa na makonni kaɗan. Matsakaitan kamfanonin injiniyanci, waɗanda su ne suka fi ɗaukar ma'aikata, da Jamusanci suke taron safe. Idan ka san ba za ka dage da koyonsa tun kana gida ba, kada arahar ta ruɗe ka. Batun iyali kuwa, doka ba ta hana ɗalibi ɗauko su ba, sai dai dole ka nuna kuɗin riƙe su da gida mai wadatar ɗakuna, abin da ke da wuya kafin ka fara ɗaukar albashi.

Ɗan Maraɗi a Ottawa:

Ɗan'uwa, tun da ba ka biya ko sisi ba tukuna, ka leƙa Kanada. Daga Fabrairun 2024, mai digiri na biyu yana iya samun izinin aiki na shekara uku ko da karatun bai kai shekara biyu ba, kuma shekara guda ta aikin ƙwarewa tana buɗe maka ƙofar Express Entry, tsarin neman zaman dindindin na ƙwararrun ma'aikata a Kanada. Sai dai tsarin maki ne, kuma makin shekaru yana fara raguwa da zarar mutum ya kai 30, ga shi gwamnati ta taƙaita bizar ɗalibai a 2024, ta kuma rage yawan waɗanda za a ba zaman dindindin zuwa 395,000 a 2025. Mu 'yan Nijar Faransanci ne ke cetonmu, domin tun 2023 ake ware wa masu jinsa zaɓe na musamman da maki ƙasa da na kowa. Idan sabon harshe za ka koya ko ta yaya, ka auna Faransanci da Jamusanci.

Tsohon malamin jami'a:

Yaro, ka kula da tushen kuɗi idan ka yi tunanin haɗawa da tallafin karatu. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, tana wajabta komawa gida na aƙalla shekara biyu, haka tallafin TETFund (asusun tallafa wa manyan makarantun Najeriya) ga malamai yana tafe da yarjejeniyar dawowa bakin aiki. Wanda ya karɓa da niyyar zarcewa ya ci amana. Sannan dokokin nan suna sauyawa a tsakiyar karatun mutum, saboda haka ka zaɓi fannin da ko dawowa ta kama ka, zai ba ka abinci a Kano ko Kaduna, kamar wutar hasken rana da tsarin rarraba lantarki.

Injiniya daga Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zuciyata ta karkata ga Jamus. Malama ta Jamus, kafin in shigar da takardun biza, matakin A2 na Jamusanci, wanda ke ƙasa da B1, zai wadatar in tafi da shi, ko in nemi jami'ar ta ɗage mini zuwa zango na gaba har in kai B1?