Ina zan samu horon bincike kan rigakafin sankarar hanji?

Mai tambaya daga Samaru:
Assalamu alaikum. Na kammala digirin digirgir a ABU bara. Kawuna ya shekara biyu yana shan jiƙon basir saboda jini a bayan gida, sai da ya rame sosai aka gano sankarar babban hanji ce. Allah ya yi masa rasuwa. Tun lokacin nake son in ƙware kan rigakafinta. Malamai, ina zan dosa?

Wata likita daga Tudun Wada:
Allah ya jiƙansa, ƙanena. Duba IARC, hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa, tana ba masu digirin digirgir gurbin horo, har da 'yan ƙasashe irin namu. Ita ce a 2015 ta sanya sarrafaffen nama, wato wanda aka adana da gishiri, hayaƙi ko sinadari, cikin abubuwan da ke haddasa wannan cutar. Amma ka je da tambayar da ta shafe mu. A Amurka an sauko da shekarun fara gwaji zuwa 45 a 2021. Mu nan wa ke zuwa gwaji yana lafiya lau? Gwajin kashi mai gano ɓoyayyen jini ya fi sauƙin kuɗi kan leƙa hanji da na'ura. Binciki ko mutanenmu za su yarda su kawo samfurin, kunya babbar matsala ce.

Wani malami daga Kongo:
Kafin ka nema, leƙa asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, ka samu likitocin tiyata ku rubuta takardar bincike tare. Kuma ka koyi lissafin ƙididdiga sosai.

Mai tambaya:
Na gode, Hajiya. Malam, ranar Litinin zan je in sha Allah.